Inabi da Yanayi: Abin da Hunturu da Gulbin Zamfara Za Su Iya Ba Mu

 

        

Abin da aka nemi in yi magana a kai a wannan taro na Gummi shi ne yadda yanayi da irin ƙasa ke sarrafa inabi, zaƙinsa da tsaminsa da launinsa, sannan mu duba ko yammacin Zamfara zai iya nomansa.

Na san akwai mai cewa a ransa: inabi kuma, a Zamfara? Ba da shi ake giya ba? Da shi ake yi, a ƙasashen da suke yi. Mu jiharmu tana kan shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma ga malamanmu nan zaune, su za su gaya muku an hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi. Amma ɗan itacen kansa halal ne. Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama, kuma duk wanda ya karanta sira ya san nonon inabi ne Addasu ya kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a lambun 'ya'yan Rabi'a, ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi. Dalili ɗaya ne zai sa ku ji ina ta ambaton masu giya yau: ba wanda ya kai su sa ido a kan wannan tsiro. Ɗan bambancin zaƙi ko tsami na iya ninka musu farashi ko ya karya su, don haka sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da rana da ruwa suka yi wa gonakinsu. Littafin lissafinsu za mu ara, mu bar musu kwalbarsu.

Na ɗaya: zafi, da abin da yake yi a cikin ƙwaya.

Tsinki ƙwayar inabi tun tana kore shar ka tauna. Tsami ne zalla, har haƙoranka su mutu. Bayan mako shida zuwa takwas da yin fure sai ta fara laushi, in mai launi ce ta fara juyawa. Daga ranar nan abu biyu ke gudana a cikinta lokaci guda: sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana yana kwarara cikinta, tsami kuma yana raguwa. Mai daɗi ita ce wadda aka yanka sa'ad da biyun suka daidaita. Kuma ku riƙe wannan: inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi. Ba ayaba ba ne ko mangwaro da za a turara a ɗaki.

Zafi ne ke riƙe da linzamin duka biyun. Ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, kuringar inabi ba ta motsi. Tsakanin 25 da 30 ganye ya fi aiki. In aka haura 35, ganye ya fara rufe ƙofofin numfashinsa don kada ya bushe, haɗa sukari ya ja baya. Shi kuwa tsami, zafi ƙona shi yake yi, musamman zafin dare, domin ƙwaya tana numfashi dare da rana, kuma tsamin nan na cikin abin da take ƙonawa. Dare mai sanyi yana rage wannan asara, yana kuma taimaka wa ja da baƙi su zauna a fatar ƙwaya. Shi ya sa za a dasa iri ɗaya a wuri biyu, nan ya fito ja wur da ɗan tsami-tsamin da ke sa ka sake kai hannu, can ya fito dishi-dishi, ga zaƙi amma ba armashi.

A 1944 wasu malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Amerine da Winkler, suka fito da hanyar tara zafin kowace rana da ya haura digiri 10, daga Afrilu zuwa Oktoba, suka kasa wuraren noman inabi aji biyar, daga mafi sanyi zuwa mafi zafi. In aka auna Gummi da wannan ma'auni, aji na biyar ɗin ma mun bar shi a baya. Kada ranku ya ɓaci, zan dawo kan wannan.

A garin Beaune na yankin Burgandi a Faransa, akwai rubutacciyar ranar fara yankan inabi tun daga 1354. Masana sun tattara ta suka wallafa a 2019, suka tarar cewa daga 1988 zuwa yau ana fara yanka, a matsakaici, kwana 13 kafin lokacin da aka saba tsawon ƙarni shida. A bazarar 2003, da zafi ya addabi Turai, a Agusta suka yanka abin da kakanninsu ke yanka a ƙarshen Satumba. Kada ku ɗauka ɗumi alheri ne gare su kawai. A 2021 ɗumin Maris ya ruɗi kuringa ta yi toho da wuri, sai sanyin Afrilu mai daskarar da raɓa ya sauko ya ƙone tohon. Manoman Faransa suka kwana suna kunna wuta tsakanin layuka, amma asara ta riga ta afku. A shekarar ce aka amince wa manoman Bordo su dasa sababbin iri shida masu jure zafi, har da Touriga Nacional na Fotugal, a yankin da yake kishin irinsa na gado. Kudancin Ingila, inda da ake ganin sanyi ya yi wa inabi yawa, yanzu kamfanonin Faransa ke sayen gonaki a can.

To mu fa? Dattawanmu kullum suna cewa damina ta canza, tana makara, sannan ta juye ruwan wata biyu cikin mako guda. Gaskiya suke faɗa. Amma a ɗakin nan wa ke da littafin da ya rubuta ranar ruwan shuka na shekara ashirin a jere? Wanda zai noma inabi sai ya sayi littafi da biro kafin ya sayi waya da sanda.

Na biyu, kuma nan ne zuciyar maganata: a ƙasarmu wuƙar manomi ce ke zaɓar wa inabi lokacinsa.

Tsofaffin littattafan noma suna cewa gidan inabi yana tsakanin digiri 30 da 50 daga layin Ikwaita, arewa da kudu. Mu muna wajen digiri 12. Hujjarsu ita ce, a can sanyin hunturu yana sa kuringa ta zubar da ganye ta yi barcin watanni, da ɗumi ya dawo kuma idanun reshe su farka gaba ɗaya, a yi fure tare, a nuna tare. Inda babu irin wannan sanyi, kuringa ba ta barci. Sai ta yi ta miƙa reshe ba ji ba gani, ido ɗaya ko biyu na ƙarshen reshe su tsiro, sauran su ƙi, a sami rumfar ganye ba 'ya'ya. Waɗanda suka taɓa dasa inabi a tsakar gida suka ce ai namiji ne, ba ya haihuwa, mafi yawanci wannan ne ya same su. Ba namiji ba ne. Ba a datse shi ba ne.

Manoman ƙasashe masu zafi sun gano cewa abin da sanyi ke yi a Turai, wuƙa da janye ruwa na iya yin kusa da shi. A rage ban ruwa, a zage ganye, a datse reshe, sannan a sako ruwa da taki: sai kuringa ta ɗauka sabuwar shekara ce, ta yi toho. Da wannan dabara kwarin kogin São Francisco a arewa maso gabashin Barazil, wajen Petrolina, digiri 9 kacal daga Ikwaita, a busasshiyar ƙasa da ruwanta bai kai namu ba, yake yankan inabi sau biyu a shekara yana kai wa Turai. Dodoma ta Tanzaniya ma sau biyu take yanka. Peru, da hamadar bakin tekunta, ta shiga sahun gaba na masu fitar da inabin ci a duniya.

Amma malaminmu na kusa shi ne Indiya, yankin Nashik da Sangli a jihar Maharashtra, domin shekararsu ta yi kama da tamu: damina daga Yuni zuwa Satumba, sanyi da bushewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafi mai tsanani a Afrilu da Mayu. Su datsa biyu suke yi, yanka ɗaya. A Afrilu, bayan an kwashe amfani, su datse duk rassa har kusa da gindinsu, kuringa ta fitar da sababbi, su ƙosa cikin damina. Wannan datsar ba ta 'ya'ya ba ce, ta gina jiki ce. A Oktoba, da ruwa ya ɗauke, su sake datsewa, su bar wa kowane reshe idanu kaɗan, kuma daga waɗannan idanu nonna ke fitowa. Suna shafa wa idanun wani magani da ke tashe su tare. Guba ne, ba a taɓa shi sai da safar hannu, kuma ban yarda yaro ya kusance shi ba. A Barazil da Japan an gwada ruwan tafarnuwa a madadinsa, ya taimaka ko da bai kai shi ba. Tafarnuwa kuwa ba baƙuwarmu ba ce a ƙasar Sakkwato da Zamfara.

Mu ɗora wannan a kan kalandarmu. Ruwa kan ɗauke mana wajen farkon Oktoba. A datse tsakiyar Oktoba. Cikin mako biyu toho ya fito. Wajen ƙarshen Nuwamba a yi fure, sama wasai, ba ruwan da zai wanke furen. A Janairu ƙwaya ta fara laushi, daidai lokacin da dare ke sauka ƙasa da digiri 18, rana kuma ba ta yi tsanani ba. Daga datsa zuwa yanka kwana 120 zuwa 150 ne, gwargwadon iri, wato tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. Kun ga ashe ajin Amerine da Winkler bai kama mu ba, domin su daga Afrilu zuwa Oktoba suka ƙirga, mu kuwa watannin da suka bari su ne namu.

Amma ƙofar ƙarama ce. Wanda ya tsaya sai ya gama girbin dawa da sussukar wake, ya datse a Disamba, inabinsa zai nuna a Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 kuma dare kansa ba ya hucewa. Gefen nonon da rana ke duka ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, tsami ya tafi, launi ya ƙi zama. Wanda kuma ya yi gaggawa ya datse a Agusta, ya miƙa tohonsa ga abin da zan faɗa yanzu.

Na uku: damina.

Ga manomin gero ruwan Agusta albarka ne. Ga mai inabi shi ne watan fargaba. Ɗumi da laima su suke rayar da cutar da ta fi kowace cin inabi. Ga yadda za ka gane ta: ka fita da sassafe bayan daren da aka yi ruwa, ka duba saman ganye, za ka ga wani tabo rawaya-rawaya, sai ka ce mai ne ya ɗiga. Juya ganyen. Daidai ƙarƙashin tabon akwai farin gashi-gashi mai laushi. Wannan farin shi ne irin cutar, kuma ɗigon ruwa da iska ke kai shi ganye na gaba. In aka yi sakaci mako biyu, ganye ya bushe ya zube, in akwai ƙananan nonna su yi baƙi su marmashe. Kuringar da ta rasa ganyenta a Agusta ba ta da abin da za ta ciyar da 'ya'yan Janairu.

Cutar nan daga Amurka ta shiga Turai wajen 1878. Wani malamin tsirrai a Bordo mai suna Millardet ya lura cewa kuringun bakin hanya, da aka yayyafa wa ruwan shuɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa don tsorata masu tsinka, su ba su zubar da ganye ba. A 1885 ya bayyana haɗin, kuma har gobe ana fesa shi. Rigakafi ne, ba magani ba: kafin ruwa ake fesawa, in ruwa ya wanke a sake. Abin da ya fi feshi arha kuwa shi ne iska. A ɗaga rumfa sama da tsayin mutum, a rage cunkoson ganye, a nome ciyawar ƙarƙashi, don ganye ya bushe da wuri in rana ta fito.

Ruwa yana da ɓarna ta biyu. In ya sauka a kan inabin da ya kusa nuna, ƙwaya ta sha fiye da yadda fatarta za ta ɗauka, ta tsage, ƙuda da zuma su taru, nono ya ruɓe. Shi ya sa ban ba kowa shawarar neman yanka biyu a shekara a nan ba. Na biyun zai faɗa cikin damina.

Bari in ɗan ratse. Dafara da muke sarowa a daji, dangin inabi ce ta jini. Faru kuwa, duk da 'ya'yansa sun fi kama da inabi a ido, ba su haɗa dangi ba. Dafara ta saba da daminarmu, da ruwa take tashi. Inabin da muke magana a kai ya taso ne a ƙasashen da bazararsu busasshiya ce, shi ya sa muke juya masa shekara.

Na huɗu: hunturu, da darasin Kudan.

Ba sai mun je Indiya mu ga misali ba. A ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, wajen Hunkuyi, arewa da Zariya, manoma Hausawa irinmu sun daɗe suna noman inabi, har ya zama abin da aka san yankin da shi. Gani ya kori ji. Ina roƙon ƙungiyoyin manoma su haɗa kuɗin mota su tura mutum biyu ko uku, lokacin datsa da lokacin yanka. Sai dai in kun je ku tuna da abu guda. Ƙasar Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, mu kuwa nan kwarin Gulbin Zamfara muna ƙasa da haka sosai, kuma kowace mita 100 da aka hau, zafi na raguwa da rabin digiri da ɗoriya. Zafinmu ya fi nasu, bazararmu ta riga tasu shigowa. Ranar datsarsu ba lallai ta zama tamu ba, kuma a ganina irin fari mai saurin nuna zai fi yi mana biyayya a kan ja mai daɗewa, wanda launinsa ke jiran dare mai sanyi.

Hunturu ma yana da nasa hali. Iskarsa busasshiya ce, tana zuƙe ruwan ganye, don haka ban ruwa ba ya yankewa. Ƙura tana lulluɓe ganye. Akwai kuma wata cuta ta biyu, mai barin farin gari a kan ganye da ƙwaya, wadda ba ta bukatar ruwan sama. Farar wuta ake fesa mata, amma da safe ko da yamma, domin in rana ta take farar wutar kanta ƙona ganye take. A yi shingen itatuwa ta gabas da arewa, nesa kaɗan don kada inuwa ta rufe rumfa.

Ga 'yan kasuwa kuma: a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin yankanmu. Inabin da ake sayarwa cikin 'yar roba a Gusau da Sakkwato, da yawansa daga Afirka ta Kudu da Masar yake zuwa, da kuɗin jirgi da na sanyaya a kansa. Azumi dai yana ja baya kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kada a gina lissafin shekara ashirin a kansa.

Na biyar: ƙasa da ruwa.

Aya ta 4 a Suratur Ra'ad ta ja hankalinmu ga gonaki maƙwabta, har da na inabi, da ruwa ɗaya ke shayarwa amma ɗanɗanon amfaninsu ya bambanta. Kowane mai lambu a ɗakin nan ya ga haka da idonsa a albasa da rake.

Da aka ce noman rani, hankalinmu fadama yake tafiya. To, ƙasan fadama, inda laka take da nauyi ruwa ke kwanciya, nan ne wuri mafi muni ga inabi. Saiwarsa tana son numfashi. In ta kwana cikin ruwa kwanaki kaɗan sai ta ruɓe. Mutanen Gummi ba sa bukatar in tuna musu ambaliyar Agustan 2024, Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Shinkafa da tumatir in ruwa ya ci, baɗi a sake shukawa. Kuringar da aka yi wa wahalar shekara uku, da rumfarta da wayoyinta, in ta tafi ta tafi. Wurin da nake nema shi ne gefen tudu da ke kallon fadama: ruwan gulbi bai taɓa kaiwa ba, amma tiyo daga rijiya ko injin sola zai kai. Ƙasa mai rairayi-rairayi da ɗan laka, ko da akwai tsakuwa ba laifi. Gwajin ba ya bukatar ɗakin bincike. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a Agusta. In an ci karo da marmara tun kafin a kai gwiwa, a bar wurin. In an yi ruwa, bayan kwana biyu ramin na riƙe da ruwa, a bar wurin.

Kada kuma a kashe shi da gata. In aka cika masa yuriya, sai ya haukace da ganye, nono ya yi ƙaranci, cuta ta sami mafaka. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya fi, wanda bai ruɓe ba gara yake gayyatowa, kuma gara ba ta raga wa kuringa ko sandar rumfa. Ban ruwa ma da ƙa'ida: a wadata shi daga toho zuwa girman ƙwaya, da ta fara laushi a rage, don zaƙi ya taru. A rage na ce, ba a yanke ba.

Filin da aka daɗe ana tumatir da kuɓewa, a tuge gindi ɗaya a duba saiwa. In akwai ƙulle-ƙulle, ƙananan tsutsotsin da suka yi su inabi ma suna cinsa. Maganin shi ne aure, irin wanda kuka sani a mangwaro. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, shi ma daga Amurka, ya kusa share gonakin inabin Turai, kuma ba abin da ya cece su sai aura irinsu a kan gindin inabin daji na Amurka. Yau manoman Indiya suna aura nasu a kan wani gindi da ake kira Dogridge, saboda yana jure fari da gishiri da tsutsar saiwa.

Yanzu sai maganar da ta shafe mu mu kaɗai, 'yan'uwana na Anka da Bukkuyum. A 2010 duniya ta ji sunayen Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru, daga baya Bagega, saboda gubar dalma da ta fito daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. An kankare ƙasa a ƙauyuka, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi shekaru suna jinya, amma dalma ba ta ruɓewa, kuma haƙar ba ta tsaya ba. Mafi yawan dalmar da ke ƙasa a saiwa take tsayawa, kaɗan ke kaiwa cikin ƙwaya. Haɗarin yana ga ƙura. Inabi da fatarsa ake ci, a hunturu yake nuna lokacin da iska ke ɗibar ƙasa, kuma yara ne farkon masu kai hannu. Duk inda aka taɓa niƙa dutse ko wanke shi, ko ruwan wankin ya gangara, kada a dasa sai an auna ƙasar. Ba a wasa da wannan.

Na shida, a taƙaice: tsaro da aljihu.

Gero kan yi haƙuri in mai shi ya yi mako biyu bai leƙa ba. Inabi saniyar tatsa ne, kullum sai an je. Sai ya shekara biyu kafin ya ba da amfani na kirki, rumfa da waya da ruwa kuma duk kuɗi ne tun ranar farko. A halin da muke ciki, da wasu gonakin nesa sai an yi shahada ake zuwa, wa zai binne jarinsa inda ba shi da tabbacin komawa gobe? Don haka kada kowa ya sayar da shanunsa saboda laccata. A fara da gindi goma ko ashirin, a bakin gari, ko a tsakar gida inda iyayenmu mata za su sami inuwa su sami na sayarwa. Tsohon gidan sauro ya isa ya kare nonna daga tsuntsu da jemage. A gwada iri biyu ko uku, a rubuta ranar datsa da ranar fure da ranar yanka, shekara uku a jere, sannan a faɗaɗa. Masu neman shawara su tuntuɓi Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da reshen cibiyar binciken kayan lambu na Bagauda a Kano, da kwalejin aikin gona tamu ta Bakura.

In hanya ta ƙi, ko kasuwa ta faɗi, akwai zabibi. Wajen kilo huɗu na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe, kuma ba ya bukatar firiji. A Turpan ta ƙasar Sin, a ɗakunan tubalin laka masu huda-huda suke rataye nonna, busasshiyar iska na ratsawa, rana ba ta taɓa su. Tubalin laka muna da maginansa, iskar Fabrairu da Maris kuma ba wanda zai koya mana bushewarta. Abin da za mu ƙara shi ne yadin da zai tare ƙura.

Mai girma shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo, kuma la'asar ta gabato.  Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa wa nomanmu albarka, ya mai da kowa gida lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, ya faɗi garin da ya fito da irin ƙasar gonarsa. Zan so a fara da duk wanda ya taɓa dasa inabi, ko ya haihu ko bai haihu ba.